Duniya Tana da Mafari, Ko Kuwa Tun Fil Azal Ta Ke? Abin da Masanan Hellenawa Suka Ce

Kafin a shiga darasin nan, mai bi da taro ya sa a karanta Farawa 1:1-5, da Ayyukan Manzanni 17:16-34, da 2 Bitrus 3:1-13. Ayar haddacewa ita ce Ibraniyawa 11:3. A cikin darasin, K.H. na nufin kafin haihuwar Almasihu, B.H. kuwa bayan haihuwarsa.

Bulus a Atina

Wajen shekara ta 50 B.H. Manzo Bulus ya iso Atina, birnin da ya fi dukan biranen Hellenawa suna wajen ilmi. Yana jiran Sila da Timoti, sai ya shiga zazzaga gari, kowace rana kuma ya kan je kasuwa ya yi muhawara da waɗanda ya tarar. Can ya gamu da masana na mazhabobi biyu, Abikuriyawa da Sitokiyawa. Aka kai shi Tudun Arasa, wurin majalisar birnin, domin a ji ko mece ce wannan sabuwar koyarwa.

Ku lura da inda Bulus ya soma. A majami'ar Yahudawa ya kan soma da tarihin Isra'ila da annabawa. A nan kuwa ya soma da Allah wanda ya yi duniya da dukan abin da ke cikinta. Mu wannan magana ba ta ba mu mamaki, gama ko yaro aka tambaya wa ya yi duniya, Kirista ne ko Musulmi, zai ce Allah ne. Amma a wurin mutanen da ke sauraron Bulus ran nan, magana ce wadda masanansu suka yi wajen shekara 600 suna gardama a kanta ba su daidaita ba. In muna so mu gane nauyin abin da Bulus ya faɗa, wajibi ne mu san abin da ke cikin zukatan masu jinsa.

Tun da wuri sai mu raba tambayar gida biyu, domin kada mu ruɗe. Ku dubi tukunya. Ana iya tambaya, yaushe aka gina ta? Ana kuma iya tambaya, daga ina yumɓun ya fito? Haka ya ke ga duniya. Tambaya ta fari ita ce, wannan shiri da mu ke gani, na rana da wata da taurari, da damina da rani, yana da mafari? Hellenawa su kan kira duniya kosmos, watau shiri mai kyau, ko ado. Tambaya ta biyu ita ce, abin da aka yi duniya da shi, shi ma yana da mafari? A kan ta fari suka rarrabu ƙwarai. A kan ta biyu kuwa za mu ga bakinsu ɗaya ne.

Masu neman asali

A cikin waƙoƙin Hellenawa na dā, kamar na Hesiyod wanda ya yi zamani wajen 700 K.H., allolin kansu haifarsu aka yi. Da fari akwai wani wawakeken rami, sa'an nan ƙasa ta fito, ƙasa ta haifi sama, daga su biyun kuma alloli suka yi ta yaɗuwa. Alloli ke nan waɗanda duniya ta girme su.

A ƙarni na 6 K.H. waɗansu mutane a Militas suka bar bin tatsuniya, suka shiga neman asalin abubuwa da hankalinsu. Wannan shi ne Militas ɗin da Bulus ya yi ban kwana da dattawan ikkilisiyar Afisa (Ayyukan Manzanni 20:17). Talis ya ce asalin kome ruwa ne. Anaksimanda ya ce a'a, wani abu ne marar iyaka, wanda ba ya tsufa, ba ya mutuwa, daga cikinsa kome ke fitowa, cikinsa kuma kome ke komawa. Anaksimanis ya ce iska ce, in ta yi kauri ta zama gajimare da ruwa da ƙasa da dutse, in ta yi shara-shara ta zama wuta.

A Afisa, wajen 500 K.H., Hiraklitus ya koyar cewa ba wani allah ko mutum da ya yi duniya. A ganinsa wuta ce mai rai, wadda ke ruruwa ta lafa bisa ma'auni, haka ta ke tun dā, haka kuma za ta dawwama.

Amma wanda ya kafa ƙa'idar da sauran duka suka bi shi ne Farminidis, mutumin Eliya ta kudancin Italiya, wanda aka haifa wajen 515 K.H. Ga yadda hujjarsa ta ke. Abin da ya ke akwai, daga ina zai fito? In an ce daga abin da ke akwai, ashe dā ma akwai shi. In an ce daga babu, ai babu ba wani abu ba ne, balle ta haifi wani abu. Har wa yau, in daga babu ya fito, me ya sa ya fito a wannan lokaci, bai fito kafinsa ko bayansa ba? Sabo da haka ya yanke cewa abin da ke akwai ba shi da farko, ba shi da ƙarshe.

Waɗanda suka biyo bayansa suka karɓi ƙa'idar nan, suka nemi hanyar bayyana sāke-sāken da ido ke gani. Imfidoklis na tsibirin Sisili ya ce akwai saiwoyi huɗu madawwama, ƙasa da ruwa da iska da wuta, Ƙauna tana haɗa su, Gāba tana raba su, bi da bi har abada. Anaksagoras ya ce dā kome a cakuɗe ya ke, sai Hankali ya soma juya shi, abubuwa suka rarrabu. Dimokritus na Abdira ya ce ba kome sai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ba su rabuwa, suna yawo cikin sarari marar iyaka, in sun haɗu su yi duniya, in sun watse ta lalace, duniyoyin kuwa ba su ƙidayuwa. Kun ga kowannensu yana da wani abu wanda bai taɓa farawa ba.

Aflatun da Gwanin Magini

Aflatun, almajirin Sokratis, ya kafa makarantarsa a Atina wajen 387 K.H., ya rasu wajen 347 K.H. A cikin littafinsa Timayus ya yi magana wadda ta fi ta sauran kusa da tamu. Ya ce duk abin da a ke gani da ido, a ke taɓawa da hannu, abu ne wanda ya zamo, duk abin da ya zamo kuwa yana da sanadi. Mu ma mu kan ce ruwa ba ya tsami banza. Duniya ana ganinta, ana taɓa ta, ashe tana da Mai yi. Ya kwatanta Mai yin nan da gwanin mai sana'a. Ya ce nagari ne, ba hassada a cikinsa, sabo da haka ya so kome ya yi kama da shi gwargwadon iko. Ya ce lokaci ma tare da sammai aka yi shi, duniya kuma ba za ta rushe ba, domin Mai yinta bai nufi ya rushe abin da ya shirya da kyau ba.

Sai dai Gwanin nan tarar da kayan aiki ya yi. Akwai wani abu marar siffa da ke motsi barkatai, shi ya ɗauka ya shirya, yana duban wani madawwamin zane wanda ba shi ya yi shi ba. Kayan kuwa ba su bin umurni duka duka. Kamar maƙeri ne da aka ba tama marar kyau, iyakarsa ya yi abin da ƙarfen ya yarda. Ta haka mabiyan Aflatun da yawa suka ɗora laifin aibun duniya a kan kayan da aka yi ta da su.

Almajiransa ma ba su daidaita a kan nufinsa ba. Zinokratis, wanda ya shugabanci makarantar daga baya, ya ce malam bai nufi akwai wata rana da aka fara duniya ba, hanyar koyarwa ce kawai, kamar yadda malamin lissafi ke zana siffa layi bayan layi domin ɗalibi ya gane. Mabiyansa na baya suka kawo misalin sawu. In da ƙafa tana kan ƙura tun fil azal, da sawunta ma yana nan tun fil azal, duk da haka ƙafar ce sanadinsa.

Aristotal: ba farko, ba ƙarshe

Aristotal, wanda Larabawa ke kira Aristu, an haife shi a 384 K.H., ya rasu a 322 K.H. Ya yi shekara 20 a makarantar Aflatun, ya koyar da Iskandar Mai Girma yana saurayi, a 335 K.H. kuma ya buɗe tasa makaranta a Atina. Shi ne ya tsaya sosai a kan cewa duniyar nan, da shirinta duka, ba ta taɓa farawa ba, ba kuwa za ta ƙare ba. Hujjojinsa ba na wasa ba ne, ya kamata mu saurare su da adalci.

Ta fari a kan motsi ce. A ce akwai motsi na farko. Kafinsa, mai motsarwa da abin motsarwa suna nan, amma shiru. To, me ya sāke har motsin ya soma? Lalle wani abu ya sāke, sākewa kuwa ita ma motsi ce. Ashe akwai motsi kafin motsi na farko. Ko yaya ka koma baya, haka za ka tarar, kamar zancen kaza da ƙwai.

Ta biyu a kan lokaci ce. Kowane "yanzu" ƙarshen abin da ya wuce ne, kuma farkon abin da ke zuwa. Ba a samun yau wadda ba ta da jiya. Wanda ya ce "kafin a yi lokaci" ya riga ya yi tuntuɓe, gama kalmar "kafin" kanta ta lokaci ce.

Ta uku a kan kayan yi ce. Duk abin da a ke yi, daga wani abu a ke yinsa, gado daga itace, zane daga zare. In an ce an yi asalin kayan, daga me aka yi shi?

Ta huɗu a kan sammai ce. Ya ce a cikin dukan labarin da magabata suka bari, ba wanda ya taɓa ganin sākewa a sararin sama. Taurari suna kewayawa, kewaye kuwa ba shi da mafari ko matuƙa. Ya ɗauka an yi su da wani abu na biyar, dabam da ƙasa da ruwa da iska da wuta, wanda ba ya ruɓewa. Ya kuma kushe malaminsa, ya ce ba shi yiwuwa abu ya kasance da farko amma ba shi da ƙarshe, duk abin da aka haifa sai ya mutu.

Kada a zaci Aristotal ya musunci Allah. Ya ce motsi madawwami yana bukatar Mai motsarwa madawwami, wanda shi ba a motsa shi. Amma wannan Mai motsarwa bai yi duniya ba. Aikinsa shi ne tunanin abin da ya fi kome daraja, watau kansa, sammai kuwa suna juyawa domin begensa, kamar yadda abin ƙauna ke jawo mai ƙaunarsa. Duniya tana marmarinsa, amma ba a ce shi yana kula da ita ba. Irin wannan allah ana iya girmama shi, amma wa zai kai masa kuka da tsakar dare?

Mutanen da Bulus ya tarar

Abikuriyawa mabiyan Abikur ne (341-270 K.H.), wanda ya koyar a wani lambu a Atina. Ya ɗauki koyarwar Dimokritus. Ƙwayoyi da sarari madawwama ne, duniyarmu kuwa ɗaya ce cikin masu yawa, ta haɗu ba da nufin kowa ba, wata rana kuma za ta watse. Wani mabiyinsa Baroma, Lukritiyus, ya ce duniya yarinya ce, hujjarsa kuwa ita ce, in tun fil azal ta ke, don me mawaƙa ba su san wani abu da ya riga yaƙin Tibis da na Taroya ba, don me kuma har yanzu a ke ƙaro sababbin dabarun sana'a? A wurinsu akwai alloli, amma suna can cikin hutunsu, ba ruwansu da mutane. Mutum in ya mutu, ransa ya watse tare da jikinsa.

Sitokiyawa mabiyan Zino ne, mutumin tsibirin Kubrus, wanda ya soma koyarwa wajen 300 K.H. a wata rumfa mai ginshiƙai a bakin kasuwar Atina. Daga sunan rumfar, sitowa, suka sami sunansu. Su sun ce Allah hankali ne mai kama da wuta, wanda ya ratsa duniya duka kamar yadda rai ya ratsa jiki. Bayan dogon zamani wutar nan za ta cinye kome, sa'an nan duniya ta sāke fitowa daidai yadda ta ke dā. Za a sāke haifar Sokratis, mutanen nan dai su sāke kai ƙararsa, a sāke ba shi dafi ya sha. Haka aka yi sau ba iyaka, haka kuma za a yi ta yi. Amma ba dukansu suka tsaya a kan wannan ba, gama Fanitiyus, shugabansu a ƙarni na 2 K.H., ya bar zancen ƙonewar duniya.

Masu cewa duniya tana da farko da ƙarshe suna da wata hujja kuma wadda kowane manomi zai gane. Suka ce, ku dubi yadda ruwan sama ke zaizaye tudu kowace shekara. In da duniya ba ta da mafari, da tuni duwatsu sun baje, ƙasa ta zama fili ɗaya. Mutanen Aristotal suka amsa cewa yayin da waɗansu duwatsu ke cinyewa, waɗansu suna tasowa.

Inda Littafi Mai Tsarki ya rabu da su

Mu tara abin da muka gani. Aristotal ya ce tukunya da yumɓu duka ba su da mafari. Aflatun, in an ɗauki maganarsa a zahiri, ya ce an gina tukunya, amma yumɓun dā ma yana nan. Abikur ya ce tukunyar ta haɗa kanta. Zino ya ce ana fasa ta ana sāke gina ta har abada. Ba ko ɗaya daga cikinsu da ya ce yumɓun kansa an halicce shi.

A nan ne Littafi Mai Tsarki ya bi tasa hanya. Aya ta farko ta Farawa ta sa Allah shi kaɗai a mafari, sama da ƙasa kuwa aikinsa. Kalmar Ibrananci da aka juya da "halitta" a wurin ita ce bara. A cikin Tsohon Alkawari, in da ma'anar halitta ta zo, Allah kaɗai ne mai yinta, ba a kuwa ambaton kayan da ya yi aiki da su. Ishaya 44:24 ta nuna ba shi da abokin aiki. Yohanna 1:3 ba ta bar ko abu guda a waje da aikin Kalman ba. Kolosiyawa 1:16-17 ta haɗa na bayyane da na ɓoye, ta ce a cikin Almasihu su ke tsaye. Romawa 4:17 da Ibraniyawa 11:3 sun nuna umurnin Allah ya isa ya kawo abin da babu shi.

Gaskiya ne Farawa 1:2 ta ambaci ƙasa marar siffa, da duhu, da ruwaye, har waɗansu Kirista na farko, kamar Yustin Shahidi wajen 150 B.H., suka ga kamar Aflatun daga wurin Musa ya ɗauko maganarsa. Amma da ikkilisiya ta ƙara auna al'amarin, sai ta ga haɗarin. Wajen 180 B.H. Tiyofilus, shugaban ikkilisiyar Antakiya, ya yi tambaya mai kaifi. In Allah daga kayan da ya tarar ya yi duniya, ina abin girma a nan, tun da ɗan Adam mai sana'a ma haka ya ke yi? In kuwa kayan ba halitattu ba ne, ashe daidai su ke da Allah, madawwama sun zama biyu ke nan.

Hujjar Aristotal a kan lokaci kuwa, Agustin (354-430 B.H.), shugaban ikkilisiyar Hippo a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya amsa ta da kyau. Ya yarda cewa ba lokacin da ya riga lokaci. Amma ya ce lokacin kansa halitta ne, tare da duniya aka yi shi. Sabo da haka tambayar abin da Allah ke yi kafin halitta ba ta da wurin tsayawa. Dawwamar Allah ba tarin shekaru ba ce, shi Ubangijin shekaru ne (Zabura 90:2, 102:25-27).

Yadda gardamar ta ci gaba

A ƙarni na 5 B.H. Furoklus, shugaban mabiyan Aflatun a Atina, ya rubuta hujjoji 18 a kan dawwamar duniya. A 529 B.H. wani Kirista masani na Iskandariya ta Masar, Yohanna Filofonus, ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, daga baya kuma ya juya kan Aristotal. Da makamin Aristotal ya yaƙe shi. Aristotal ya koyar cewa abin da ba shi da iyaka ba a iya ƙetare shi. To, in duniya ba ta da mafari, kwanakin da suka wuce ba su da iyaka, ta yaya aka ƙetare su aka iso yau? Mutumin da ke hawowa daga rijiya marar ƙasa, yaushe zai kai bakinta? Ya ƙara da cewa tauraron Zuhal yana gama kewayensa cikin shekara 30, rana kuwa, bisa lissafinsu, cikin shekara 1. Ashe kewayen rana ya riɓa na Zuhal sau 30, alhali an ce dukansu ba su da iyaka. Ya kuma lura cewa launin taurari dabam dabam ne, kamar yadda wutar itace ta bambanta da ta fitila, ya ce ashe su ma irin kayan duniya ne.

Aka juya littattafan Hellenawa zuwa Larabci, gardamar ta shiga hannun malaman Musulmi. Ibn Sina (ya rasu 1037) ya ce duniya tana fitowa daga Allah tun fil azal. Imam Gazali (ya rasu 1111) ya ƙi wannan ƙwarai, ya kawo irin hujjar nan ta Zuhal da rana. Ibn Rushd (ya rasu 1198) ya kāre Aristotal. Littafin tauhidi na Shaihu Sanusi (ya rasu 1490), Ummul Barahin, wanda aka daɗe ana karantawa a makarantun ilmi na ƙasar Hausa, ya kafa hujjar samuwar Allah a kan cewa duniya fararriya ce. Sa'ad da maƙwabcinka malami ya ce Allah ne kaɗai ƙadimi, kome kuwa fararre, wannan tsohuwar tambaya ta Atina ya ke amsawa, a kan wannan batu kuma bakinku ɗaya.

A cikin Kirista, Toma Akwinas (1225-1274) ya auna hujjojin gefen biyu, ya ce hankali kaɗai ba ya iya tabbatar da cewa duniya ta fara, ba ya kuma iya tabbatar da cewa ba ta fara ba. Mun san ta fara domin Allah ya bayyana mana. Wannan ya yi daidai da Ibraniyawa 11:3, wadda ta sa sanin nan a ƙarƙashin bangaskiya.

Masu duban taurari kuma sun rushe hujjar Aristotal ta huɗu. A 1572 Tycho Brahe ya ga sabon tauraro, ya kuma nuna yana can nesa bayan wata, inda aka ce ba a sākewa. A 1927 Georges Lemaître, wani firist na ƙasar Beljiyam, ya nuna da lissafi cewa sararin sama yana buɗuwa, awon da Edwin Hubble ya buga a 1929 kuma ya goyi bayansa. A 1948 Fred Hoyle da abokansa biyu suka kawo ra'ayin cewa sararin ba shi da mafari, amma a 1965 aka ba da labarin gano ragowar zafin farko wanda ya cika sarari ko'ina, sai masana suka bar ra'ayin nan. Lissafinsu a yau shi ne an yi wajen shekara biliyan 13.8 da somawar buɗuwar. Amma mu yi hankali. Awo yana iya bin sawun abubuwa baya zuwa wani hali na farko, ba ya iya faɗin dalilin da ya sa akwai wani abu maimakon babu. Lemaître kansa bai yarda a gauraya lissafinsa da koyarwar halitta ba. Kada mu jingina bangaskiyarmu a kan abin da awo na gobe zai iya gyarawa.

Amfanin wannan a gare mu

Na ɗaya, in Allah ne ya yi kome har da yumɓun, ba abin da ya fi ƙarfinsa. Ba dutse, ko kogi, ko kurmi, ko iska, ko tauraro da ke da iko na kansa wanda bai karɓa ba. Mai bi ba shi da dalilin jin tsoronsu ko kai musu hadaya.

Na biyu, jiki da ƙasa da abinci da aure ba mugayen abubuwa ba ne (1 Timoti 4:4). Ba za mu ɗora laifin mugunta a kan kayan halitta ba. Daga tayarwar zuciya ta fito, magani kuwa tuba ne da gafara.

Na uku, ba dole ce ta sa Allah ya yi duniya ba, nufinsa ne (Ru'ya ta Yohanna 4:11). Ran kowannenmu kyauta ne, abin da ya wajaba ga mai karɓar kyauta kuwa godiya ce.

Na huɗu, abin da ke da mafari yana da inda ya nufa. Masu ba'a na 2 Bitrus 3:4 sun dogara ga cewa kome yana tafiya yadda ya saba. Bitrus ma ya yi zancen wuta, amma tasa dabam ta ke da ta Sitokiyawa. Tasu tana komo da tsohuwar duniya da dukan zaluncinta, har a sāke kashe marar laifi. Bayan wadda Bitrus ya ambata kuwa akwai sabuwar halitta, mazaunin adalci. Shi ya sa mutanen Tudun Arasa suka saurari Bulus har ya kai ga ranar shari'a da tashin matattu, sa'an nan waɗansu suka yi masa ba'a. Wanda ya tabbata ba wani sabon abu da zai taɓa faruwa, da wuya ya karɓi labarin kabarin da aka tarar ba kowa a ciki. Amma Allah wanda ya kira duniya daga babu, tā da matacce ba zai gagare shi ba. Ku tuna da wannan ran da ku ke tsaye a bakin kabarin ɗan'uwa.

Bulus bai zagi masu jinsa ba. Ya san littattafansu, har ya kafa shaida da mawaƙansu (aya 28), ya yarda da gaskiyar da suka lalubo, sa'an nan ya sanar da su abin da hankali bai kai gare shi ba. Waɗansu kuwa suka ba da gaskiya, har da Diyonisiyas ɗan majalisa, da wata mace mai suna Damarisa. Mu ma mu bi wannan hali sa'ad da 'ya'yanmu suka komo daga makaranta da tambayoyi masu wuya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin maginin tukwane da Mahalicci? A ina misalin ya dace, a ina kuma ya kāsa? Ku duba Ishaya 64:8.
2. A kan wane abu ne dukan masanan Hellenawa suka yarda da juna?
3. Ku faɗi hujja ɗaya ta Aristotal da bakinku. Yaya Agustin ko Filofonus ya amsa?
4. Ina bambancin wutar Sitokiyawa da wadda ke cikin 2 Bitrus 3?
5. Akwai wani halitaccen abu da mutanen garinku ke tsoro kamar yana da iko na kansa? Me darasin nan ya koya mana game da shi?

A rufe taro da addu'ar godiya ga Mahalicci, a kuma yi roƙo domin ɗalibai da malamansu.